Ranar da Na Tuɓe Takalmi a Filin Gusau

Duk faɗin ƙasar Zamfara, daga Tsafe har inda mota take gajiya a koma kan jaki, ba a taɓa haihuwar mai gudu irina ba. Wannan ba yabon kai ba ne, tarihi ne, illa dai masu rubuta tarihin ba su zo da wuri ba. Da Najeriya ta san abin da Allah ya ajiye mata a bakin titin Gusau zuwa Funtua, da yanzu lambar zinare tana rataye a shagona na kayan babura, tsakanin taya da sarƙa, matafiya suna tsayawa ɗaukar hoto, ni kuma ina cewa a bi layi.

Na san abin da za ka ce in ka gan ni yau, domin kowa ma haka yake cewa. Tumbina yana riga ni shiga masallaci, ya kama mana wuri a sahu kafin in ƙaraso. In na sunkuya ɗaukar sifana sai na huta a hanya. Matata ta ce rabon da ta ga na yi gudu tun shekarar da ragon layya ya tsinke igiya, kuma ko a ranar ma, in ji ta, ragon ne yake bi na. Ba na jayayya da ita. Ita ce dalilin da ya sa ƙasar nan ta rasa zinarenta, kuma mutum ba ya musu da abin da ya saya da tsada haka.

Duk bayan shekara huɗu, idan babbar gasar wasannin nan ta duniya ta zagayo, maƙwabcina mai gyaran talabijin yakan fito da guda ɗaya ƙarƙashin rumfa, a ta da janareto bayan la'asar, mu jeru a benci. Wasu ƙwallo suke jira, wasu dambe. Ni dogon gudu nake jira. Da zarar an jera su a layi sai hayaniyar titi ta yi mini nisa, ƙarar manyan motoci ta koma kamar ruwa yana sauka a wani gari, in ji tafin ƙafata yana ƙaiƙayi a cikin silifa.

Sai kuma in fara wa'azina, wanda mutanen benci sun haddace shi. Dubi mai gudun ƙasashen nan masu hannu da shuni. Yana da likitan ƙafar dama da likitan ƙafar hagu. Yana da wanda aikinsa kawai ya zauna ya auna masa barci, da mai dafa masa abinci a kan sikeli. Takalminsa kuwa, an ce masana sun yi shekaru a ɗaki suna ƙera shi, har in ka ajiye shi ba kowa a ciki sai ka danne shi da dutse, in ba haka ba ya tafi abinsa. Sai a kawo namu, wanda innarsa ta sayar da akuya ya yi fasfo, a tsayar da su tare, a ce wai an yi adalci tunda layi ɗaya suka taka. Layin ɗaya ne, amma wani a jirgi ya iso shi, wani a ƙafa.

Akwai wani tsohon direban bas da ba ya bari maganata ta wuce lafiya. Kullum sai ya ce, "To Alhajin gudu, ai mutanen tsaunukan nan na gabashin Afirka ba su fi mu kuɗi ba, kuma su ke cinyewa."

Sai in ce, "Su an je an nemo su, an kuma ɗauko su. Mu ko an gan mu, mota ba ta zuwa."

Daga nan sai wani ya yi hamma, wani ya tuna yana da saƙo a kasuwa, domin sun san labarin Gusau ya taso.

Ina saurayi tallan rake nake yi a bakin titi. Wanda bai yi talla a Tsafe ba bai san halin fasinja ba. Bas za ta tsaya, ka kai masa tire har hancinsa, ya kau da kai kamar ka miƙa masa magani. Sai direba ya sa giya, mota ta fara mirginawa, a sannan ne ransa zai so rake. Ya leƙo da hannu yana, "Mai rake! Mai rake!" Kai kuma ka bi, tire a ka, hannu ɗaya a sama. Na taɓa bin wata bas har fasinjan ya gama shan raken ya miƙo mini ɓawon in zubar masa. Wata rana kuma na wuce motar da nake bi ban sani ba, sai da na tsaya na jira ta. Direbobin wancan zamani yawanci sun rasu, shi ya sa ba ni da shaida.

A nan malamin wasanni na makarantar sakandare ya gan ni. Mutumin Filato ne, Kirista, siriri kamar sillen kara, ya daɗe a garinmu har Hausarsa ta fi ta wasunmu tsabta. Shi ma ya yi gudu a ƙuruciyarsa. Ya tsayar da kekensa ya ce, "Ɗana, ƙafar nan taka ta fi ƙarfin rake." Tun daga ranar, in na idar da sallar asuba sai in same shi a bayan gari, shi a keke ni a ƙasa, mu kama hanyar Bilbis. A lokacin nan mutum yakan shiga daji da sassafe ba ya tsoron kowa sai maciji.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin hanyar. Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo, raɓa tana ɗiga daga ganye tana jiƙa mini kafaɗa. Zabi su tashi fir daga gefen gona. Duwatsun Tsafe a bayana kamar shanu sun kwanta suna tuƙa. Ba ka jin komai sai ƙarar sarƙar kekensa da numfashina. Idan gudu ya yi nisa akwai wani wuri da jiki yake yin shiru, ƙasa ta riƙa zuwa da kanta tana wucewa ta ƙarƙashinka, kai kana tsaye a cikin iska. Ni in na isa wurin nan sai idona ya lumshe, in fara gane-gane. Malam yakan buga ƙararrawar keke ya ce, "Buɗe ido, kai! Ba a gudu da mafarki!" Na ɗauka hassada ce irin ta tsofaffin 'yan wasa.

A cikin wannan shekarar na ga yarinyar da ta zama matata. 'Yar Karakkai ce, ta ƙasar Bungudu, ta zo Tsafe wurin goggonta, ta sayi rake a hannuna ta ce ba shi da zaƙi, ta dawo washegari ta sake sayen wanda ba shi da zaƙin. Mahaifinta ya rasu, aurenta yana hannun baffanta, ƙanen mahaifin. Baffan nan bai girme ni da wasu shekaru masu yawa ba, amma baffa baffa ne. In na je Karakkai gaisuwa, tun daga bakin dabar shanu nake tuɓe takalmi, in shiga zaure a duƙe, in tsuguna nesa da tabarmarsa, idona a ƙasa. Saboda haka ban san fuskarsa sosai ba. Ƙafafunsa na sani. Dogaye ne, busassu, dunduniya duk faso, yatsun a warwatse kamar kowanne yana fushi da ɗan'uwansa, babban yatsan hagu kuma ba shi da farce. Da za a jera mini ƙafafun mutanen Bungudu duka, da na fitar da su ko a cikin barci.

Wata safiya Malam ya tsayar da keke a tsakiyar hanya ya ce jiha za ta zaɓi masu dogon gudu a tura su sansanin horo na ƙasa, kuma daga sansanin ake ɗibar waɗanda za su fita waje da tuta. Da farko an ce bas guda za a cika. Bayan mako kaɗan aka ce ƙaramar mota. Kuɗin wasanni a ƙasar nan kamar hadari suke, su taso daga sama baƙi ƙirin da tsawa da walƙiya, suna saukowa suna raguwa, kafin su iso Gusau sun koma yayyafi. Ranar da aka sa ranar gwaji, abin da ya rage kujera ɗaya ce. Wanda ya zo na ɗaya shi ne mai kujera, sauran kowa ya koma gidansu.

Na riga na ga kaina a kujerar nan. Har tagar na zaɓa.

Ana gobe tafiya Malam ya kira ni gidansa, ya buɗe akwati ya fito da wani abu naɗe a tsohon zane. Takalman gudunsa ne na ƙuruciya, farare da jan layi, marasa nauyi kamar fankon ashana. Sun yi mini yawa, muka cusa auduga a bakin. Ya ce, "Da su na yi duk gudun da na yi a duniya. Ba a taɓa ba ni wasu ba, ni ma ban taɓa ba wa kowa su ba. Ka dawo mini da su." Na ce ko ni ban dawo ba za su dawo.

Muka shiga motar Gusau da safe. Da muka zo daidai dutsen Kwatarkwashi, gajimare ya sauko ya zauna masa a ka kamar rawani, shirwa suna kewaya shi a hankali ba sa ko kaɗa fiffike. Na ce a raina, haka zan kewaya filin nan yau. Na rungume takalman a cinya, na yi ta kallon dutsen har ya ɓace.

Filin wasa na Gusau ya cika da samari, wasu daga makarantu da riguna masu lamba, wasu daga ƙauyuka da wandon gona a naɗe. Jami'ai suna zaune a inuwa da lemo a gabansu. Malam ya zaunar da ni, ya durƙusa da kansa ya sa mini takalman, ya ja igiya, ya yi mata wani irin ƙulli na 'yan wasa, ƙulli a kan ƙulli, ya tura bakin ciki. Ya ce, "Ko gobara ta tashi kada ka taɓa igiyar nan." Na miƙe na ji kamar an cire mini ƙafafu an sa mini na barewa.

Aka kira masu dogon gudu. Za a yi ta kewaya filin ne har sai mai ƙirga ya ce ya isa. Na shiga layi da gajeren wando, gwiwoyina a waje suna shan iska. Na sunkuyar da kai don in ƙara kallon takalmana, domin ban gaji da kallonsu ba. A nan, dab da farin takalmina na dama, na ga wata ƙafa ba takalmi. Doguwa, busasshiya, dunduniya duk faso. Babban yatsa ba farce.

Ashe Baffa gudu yake yi, ban sani ba. Daga baya na ji cewa a farauta ba ya jifan zomo, bin sa yake yi har zomon ya gaji ya kwanta ya ba da haƙuri. Mutanen garinsu ne suka ji sanarwa a rediyo suka matsa masa ya zo.

To, kai mai karatu, ka faɗa mini. Ga wanda aurenka yake hannunsa, kafaɗa da kafaɗa da kai, kai kuma a tsaye ƙiƙam, da takalmi, da gajeren wando. Ban yi shawara da kowa ba, jikina ne ya yi abin da ya saba. Na zube ƙasa na kama igiya. Ƙullin Malam ya ƙi, na sa haƙori. Na zare na dama, na zare na hagu, auduga ta zubo, na tsuguna na rufe gwiwoyina da tafin hannu.

"Baffa, ina kwana?"

Ya duƙo ya dube ni. "A'a! Ɗan Tsafe, kai ne? Lahiya lau. Mi ya kawo ka nan?"

Yaya za ka ce wa surukinka ka zo ne ka wuce shi? Na ce, "Rakiya na yo, Baffa."

"To madalla. Rakiya da lamba a ƙirji."

Daga gefen fili na ji muryar Malam kamar ana yanka shi. "Kai! Wa ya ce ka kwance? Mai da takalminka! Tashi!" Amma gaisuwa in an fara ta ba a yanke ta a tsakiya.

"Ina gajiya, Baffa?"

"Ba gajiya."

"Yaya mutanen gida?"

"Lahiya lau suke."

"Yaya Inna da ƙafa?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Yaya ruwa wajenku?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Yaya shanu?"

A nan aka busa usur. Amsar ta iso ni, ba zan yi masa ƙarya ba, ya ce, "Suna nan ƙalau," sai dai daga nesa ta iso, domin mai ita ya riga ya kusa shan kwana. Na ɗaga kai na ga fili fayau, ba kowa a layi sai ni da auduga.

Mayar da takalman zai ci lokaci. Barin su a ƙasa kuma, a cikin taron da ban san kowa ba, cin amana ne. Sai na kwashe su na rungume a ƙirji kamar jariri, na zabura da ƙafa tsirara, yadda Allah ya halicce ni kuma titin Tsafe ya horar da ni.

Zagayen farko da na biyu haushi ne ya ɗauke ni. Na wuce wani mai tari, na wuce wani da ya tsaya yana riƙe da ciki. Sauran suna can gaba sun zama dunƙule ɗaya, Baffa kuma ya fita daga dunƙulen ya yi gaba shi kaɗai, ba ya ko karkaɗa kafaɗa, kamar wanda aka aika sayen gishiri. Rana ta ɗaga. Wasu suka fara zubewa a gefe. Na daina ƙirga zagaye, na bar wa mai ƙirga aikinsa.

Can sai na isa wurin nan da jiki yake yin shiru. Idona ya lumshe.

Filin Gusau ya buɗe ya yi faɗi, bangonsa ya yi sama hawa a kan hawa, ya cika da mutane kala-kala da ban san harshensu ba amma duk sun san sunana. Ƙasar da nake takawa ta koma ja mai laushi kamar hanta. Na ga masu likitan dama da hagu suna haki a bayana, takalmansu masu tsada suna roƙon a tsaya. Na ga duk bas ɗin da na taɓa bi a Tsafe sun jeru a bayana suna bi na, fasinjoji sun leƙo da hannu suna kira, ni kuma na ƙi tsayawa. Aka miƙo mini tuta kore da fari, doguwa, bakinta ɗaya a kafaɗata ɗayan yana can yana shafa kan dutsen Kwatarkwashi. Aka sa taken ƙasa. Na ga innata a gaban talabijin tana share ido da bakin mayafi tana cewa, ai tun yana ciki yake shuri. Na ga yarinyar Karakkai tana shan rake tana cewa wannan kam da zaƙi. Iska mai sanyi ta wuce ta gefen damana, har da wata murya a cikinta kamar ana yi mini magana a hankali. Na yi murmushi, na ce mala'ikun gudu ne.

Da na buɗe ido, ga bayan Baffa a gabana. Kusa ƙwarai, har ina ganin facin da ke kafaɗar rigarsa, ina jin ƙanshin hayaƙin kara a jikinta. Ba kowa tsakanina da shi. Na waiga, dunƙulen mutanen nan suna can baya nesa.

Na kamo shi. Na ba mutum rata ta gaisuwa guda cur, da kwance takalmi biyu, na kuma kamo shi ina ɗauke da kaya.

A nan ne Najeriya ta yi asara. Ƙafata ta ce wuce. Kujerar motar nan ta matso har ina jin ƙanshin ledarta. Amma wa yake gifta surukinsa ya bar shi yana kallon ƙeyarsa, a gaban jama'a, da gajeren wando? In na wuce shi yau, da wane ido zan tsuguna a zaurensa gobe? Na sa kujera a hannu ɗaya, na sa yarinyar Karakkai a ɗayan, na ga kujera ba ta iya dariya. Sai na tsaya a bayansa. Ya fara yi mini nisa, na bar shi, domin bai kamata yaro ya riƙa huci a wuyan babba ba. Ya ƙara nisa, na ƙara barin sa. Ladabi na yi, kuma ban yi rowarsa ba.

Aka busa usur, Baffa ya tsallake layi ya tsaya. Da na iso ni ma na tsaya, tunda babba ya tsaya. Sauran suka riƙa isowa a bayana ɗaya bayan ɗaya suna zubewa. Filin ya ɗauki tafi da shewa da dariya, wasu har suna nuna ni da yatsa suna riƙe ciki. Ban yi mamaki ba, ba kullum ake ganin irin wannan tarbiyya ba. Ba wanda ya damu da wa ya zo na biyu, tunda kujera ɗaya ce.

Malam ya zo ya karɓi takalmansa, ya juya ƙasansu ya duba, fes kamar yadda suka fito daga akwati. Na ce, "Malam, ka ga yadda na kamo shi?" Ya soke takalman a hammata. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Na ga komai, ɗana. Je ka yi aure."

Na yi auren bayan kaka. Baffa bai ja mini rai ba ko kaɗan, har mutane suna cewa ba su taɓa ganin ya yi wa wani sauƙi haka ba. Na san dalili, shi ma na ɗauka ya sani, amma irin wannan magana ba ta shiga tsakanin mutum da surukinsa.

Shi kuwa an ba shi riga mai zif, kore da fari, aka ce ya zauna da shiri, mota za ta biyo ta Bungudu ta ɗauke shi. Ya yi sauri ya girbe geronsa tun bai gama bushewa ba. Abokansa suka tafi cin rani, shi ya ƙi tafiya kada mota ta zo ba ya nan. Duk ranar kasuwa sai ya sa rigar, ya ɗauki 'yar jakarsa, ya taka daga Karakkai ya tsaya a bakin titi. Da farko aka ce ba a sa hannu a kuɗin ba. Daga baya aka ce an sa, amma ƙwallo ta cinye. Daga baya aka ce masu rakiya sun yi yawa, ba wurin wanda za a raka. Rani ya wuce, ruwa ya sauka, Baffa ya rataye jaka ya ɗauki fartanya. Da aka sake neman masu gudu bayan wasu shekaru, aka dubi fuskarsa aka ce ya tsufa. Rigar ta yi ta zuwa gona har koren ya koma ruwan toka, a ƙarshe aka sa wa mutum-mutumi ita yana korar tsuntsaye. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Amma matata ta ce har yau in farar mota ta rage gudu kusa da shi sai ya gyara tsayuwa.

Wannan shi ne abin da yake ci mini rai, kuma shi nake ƙarasa wa'azina da shi a benci. Na ba da kujera, kujerar kuma ba ta kai kowa ko'ina ba. Da ni ne na ci, ai mota ba ta isa ta ƙi zuwa ba. Ni ɗan bakin titi ne, bin mota sana'ata ce. Da na bi ta har inda aka ɓoye ta. Matata in ta ji na kawo nan sai ta shige ɗaki da sauri tana toshe baki da mayafi. Na daɗe ina ɗauka kuka take yi.

Bana babbar gasar nan ta duniya ta zo daidai da bikin sunan jikan Baffa. Muka tafi Karakkai da rana tsaka, yadda ake tafiya yanzu, ana tambayar lafiyar hanya kafin a shige ta. Bayan an ci an sha, maza suka koma gindin ɗorawa. Baffa ya tsufa, gemu fari fat, ido ya rage, amma ƙafafun suna nan yadda na san su. Ni ma yanzu ina da surukan da suke tuɓe mini takalmi, saboda haka kunyar da ke tsakaninmu ta sha wanki ta yi laushi, har nakan zauna a bakin tabarmarsa.

Na fito da waya na nemo dogon gudun da aka yi, na miƙa masa. Ya riƙe ta nesa da fuska ya ƙanƙance ido. Bai dubi tutoci ba, bai dubi taron ba, ƙafafu yake kallo. Ya yi ta binsu da ido har suka yi zagaye da yawa, babban yatsansa mara farce yana motsi a kan tabarma. Can ya ce, "Wanga takalmi nasu, shi ka gudu ko su?"

Aka yi dariya. Ni kuwa da na ga an buɗe mini ƙofa sai na shiga da tumbina duka. Na kawo likitan dama da na hagu, na kawo mai auna barci, na kawo hadarin da yake komawa yayyafi. Mutanen Karakkai ba su taɓa jin wa'azin ba, suna ta gyaɗa kai. Daɗin sauraro ya ɗebe ni, na zarce har Gusau, na kwance igiya da haƙori, na rungumi takalmi, na kamo na gaba. Sai da na zo daidai facin rigar na tuna mai rigar yana zaune kusa da ni. Amma na riga na yi nisa, sai na rage murya na ƙarasa.

Na ce, "Baffa, yau dai shekaru sun ja, a yafe mini in faɗa. Ranar nan da na kamo ka, wallahi ƙafata ta so wucewa. Kunya ce ta riƙe ni. Da na san mota ba za ta zo maka ba, da na yi ta maza, ko ƙasar nan ta samu zinarenta."

Baffa ya miƙo mini wayata a hankali. Ya dubi ƙafafuna, ya dubi tumbina, ya gyara zaman hularsa.

"Ɗan Tsafe, ba kamo ni ka yi ba, zagayo ka na yi. Har sannu na yi maka da zan wuce, idonka a ruhe kana ta murmushi, na ce bari in bar yaron mutane ya ƙarasa barcinsa."